Yayana Warwick da Filin Wasan Ruwa

Yayana Warwick Duthie ba mugun mutum ba ne. Ina fara faɗar haka ne saboda duk wanda ya ji ni ina ba da labarinsa sai ya ɗauka gaba muke yi. In motarka ta mutu a daji tsakanin Charleville da Quilpie, shi ne zai tsaya, ya shige ƙarƙashinta, ya fito baƙi ƙirin da mai, ya ƙi karɓar komai. Aibinsa guda ne. In ya ƙulla abu a ransa kunnensa toshewa yake yi, kuma ba ya shiga wahala shi kaɗai, sai ya ja kowa.

A wata gona muka tashi, nesa da Charleville. Babanmu askin tumaki yake yi, yana bin gonaki, wani lokaci mu yi wata ba mu gan shi ba. Ruwan wankan da muka sani muna yara shi ne dam ɗin da dabbobi ke sha, jan ruwa mai laka, wanda in ka fito sai Mama ta bi ƙafafunka tana cire matsattsaku. A nan Warwick ya koyi iyo, irin na kare, kai a sama, hannu na ta dukan ruwa. Har yau haka yake yi.

Yana ɗan shekara goma aka fara nuna wani talla a talabijin, na filin wasan ruwa da aka buɗe a Gold Coast. Wasu dogayen indararo ne masu launi da suka nannaɗo daga saman hasumiya, mutum ya shiga ruwa ya sulalo da shi har ƙasa. Warwick ya addabi Baba. Baba ya ce in an yi ruwan sama bana zai kai mu. Ba a yi ba. Da aka tashi yi, sai ambaliya ta yanke hanya. Daga baya bayan Baba ya lalace, aski ya gagara, maganar ta mutu. Ni na manta da ita tun ina makaranta. Ashe shi yana nan riƙe da abarsa.

Da ya bar makaranta ya koyi gyaran famfon burtsatse, kuma shi ne aikinsa har yanzu. Yana yawo gona gona a a-kori-kura, kare a baya, yana lallashin ruwa ya fito daga ƙasa. Bai yi aure ba sai da ya haura arba'in. Ya auri Bronwyn, wadda ke aikin jinya a gidan tsofaffi, mace mai haƙurin da har haushi yake ba ni. Suka haifi Imogen, da muke kira Immy, sannan Hamish. Ni kuwa na daɗe da komawa Toowoomba, ina aiki a kantin magani, yarana sun girma sun watse.

Shekarar da nake ba da labari Immy tana da shekara biyar, Hamish ya ɗan wuce biyu. Suka zo mini Kirsimeti, wadda a nan a tsakiyar zafi take faɗowa. Bayan mun ci abinci, kowa ya baje a ƙarƙashin fanka, Bron ta ɗauko waya ta nuna mini inda ta samo musu don hutun Janairu. Wani ƙaramin otal ne a Gold Coast, layi biyu daga bakin teku, da kwamin ninƙaya a tsakar gida. Gefe ɗaya ruwan bai wuce gwiwar yaro ba, an yi masa rumfa, an kewaye shi da shinge mai ƙofar da yaro ba ya iya buɗewa. Ɗakin kuma yana kallon ruwan.

"Kin ga, Rae, in Hamish ya yi barcin rana sai in zauna a bakin ƙofa, kunne na wajensa, ido na kan Immy," in ji ta. "Ni duk abin da nake nema ke nan a duniya. In zauna."

Warwick ya leƙo ta kafaɗarta ya taɓe baki.

"Kududdufi," ya ce. "Mu yi tafiyar yini guda cur don mu je mu tsuguna a bakin kududdufi. Akwai irinsa a bayan gidanmu, har da kwaɗi kyauta."

"To ina kake so?" na tambaye shi, kamar ban sani ba.

"Filin wasan ruwa mana. Ga shi nan kusa da otal ɗin. Yara su ga abin da za su riƙa tunawa har su tsufa."

"Waz, Hamish ba ya tuna abin da ya ci da safe," na ce, don Waz muke kiransa a gida.

"Zai tuna wannan."

"Yaron da in aka buɗe famfon baho da ƙarfi yake kuka?" in ji Bron.

"Shi ya sa. Gara ya saba tun yanzu."

Bron ta ce ta duba, manyan indararon nan akwai tsawon da sai yaro ya kai ake barinsa ya hau, Immy kuwa ba ta kai ba.

"Wa ya ce?" in ji Warwick. "Yarinyar nan doguwa ce. Jinin Duthie ce fa."

"Ni ma jinin Duthie ce," na ce, "dube ni."

"Ke dangin Mama kika ɗebo."

Haka aka yi ta yi har aka sha shayi aka wanke kwanuka. Bron ta kawo zancen rana, da layi, da barcin yaro, da cunkoso. Duk abin da ta faɗa sai ya ce ai akwai ɓangaren ƙananan yara, ya gani a waya, kamar aljanna. Daga ƙarshe aka yi sulhu. Za a sauka a otal ɗin Bron, amma a ba shi yini ɗaya a filinsa. Sai ya juyo kaina.

"Rae, ke fa ba abin da kike yi a Janairu."

"Ina da aiki."

"Kina da hutu, Bron ta gaya mini. Manya uku, yara biyu, kin ga komai ya tafi daidai."

Na buɗe baki zan ce a'a, sai na haɗa ido da Bron. Kallon da ta yi mini irin na wanda aka kulle a ɗaki ne yana leƙe ta taga. Na ce to.

Ranar da za mu je filin, tun kafin gari ya waye sosai Warwick ya tashe mu, wai don mu riga kowa. Da muka isa muka tarar duk jihar Queensland ta yi wannan dabarar. Muka yi layin shiga da mota, muka yi layin ƙofa, muka yi layin akwatin ajiye kaya, inda abin bai karɓi katin Bron ba sai da aka kira wani. Kafin ƙafar yaro ɗaya ta taɓa ruwa rana ta yi sama, siminti ya ɗau zafin da za a iya soya ƙwai a kansa. Ni ce ɗauke da jakar tawul, da kular ruwan sha, da man rana mai hana fata ƙonewa, da hulunan da yaran ke cirewa suna yarwa. Kiɗa na tashi daga kowace kusurwa, kowanne daban.

Warwick bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Yana tsaye, kai a sama, yana kallon hasumiyar, baki a ɗan buɗe. Rabon da in ga fuskarsa haka tun muna yara. Na kusa jin tausayinsa, sai ya ja hannun Immy ya nufi layin wani shuɗin indararo.

A nan na gane ya yi shiri. Ya sa mata wasu takalma masu kaurin ƙasa da ban taɓa ganinta da su ba, ya kuma tattara gashinta ya ɗaure shi a tsakar ka, ya yi tsini kamar albasa. Muka bi layi a rana har muka iso inda sandar awo take. Mai tsaron wurin wata budurwa ce, hancinta fari fat da man rana, da gani ta ga iyaye iri iri tun safe.

"A cire mata takalmi, don Allah," ta ce.

Aka cire. Ta sa tafin hannu ta danne albasar. Tsakanin kan Immy da jan layin akwai kamar yatsa biyu.

"Haba, 'yan mata," in ji Warwick. "Yatsa biyu ne fa. Da safe ta fi haka tsawo, tsayuwar layin nan ce ta rage ta."

"To ku dawo da safe," in ji yarinyar. "Baɗi."

Mutanen da ke bayanmu suka yi dariya. Warwick ya tsaya yana bayanin daga inda muka taso da nisan hanya, yarinyar tana gyaɗa kai tana miƙa hannu ga na gaba. Ni na ja Immy gefe ina shirin lallashi, don na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta jawo kunnena.

"Anti Rae, na ɗan lanƙwasa gwiwa," ta ce a hankali. "Kada ki gaya wa Baba. Ba na son in shiga cikin abin nan, akwai duhu."

Ban gaya masa ba sai bayan shekaru.

Muka koma ɓangaren ƙananan yara, aljannar da ya gani a waya. Gaskiya wurin ya yi kyau, in da babu yara ɗari biyar a ciki da wasu ƙartin 'yan shekara goma suna tsere ta kansu. A tsakiya akwai wani gini kamar gidan wasa, a samansa wani ƙaton bokiti da ke cika a hankali. Warwick ya saɓa Hamish a wuya ya shiga har ƙarƙashinsa don ya nuna masa kifin roba. Aka fara kaɗa wata ƙararrawa. Duk yaran da suka san wurin suka ruga ko dai ciki ko waje. Warwick ya waiwayo yana tambayata ko mai askirim ne.

Bokitin ya juye a kansu.

Ban taɓa jin ƙara irin wadda Hamish ya yi ba. Hularsa ta tafi, kunzugunsa ya cika da ruwa ya sauko har gwiwa, ya ƙanƙame gashin ubansa yana shiɗewa. Da Bron ta karɓe shi ya maƙale mata a wuya, ko ruwan sha aka nufo shi da shi sai ya sake sabon kuka.

"Ya ɗan firgita ne," in ji Warwick, ruwa na ɗiga daga gemunsa. "In aka sake yi sau ɗaya zai ga ba komai."

Bron ba ta ko dube shi ba. Ta ce za ta je ta sake wa yaron kaya, ni in je in sayo abinci, shi kuma ya tsaya da Immy. Ta maimaita masa: "Idonka a kanta, Warwick."

Layin abinci ma wani yini ne. Na dawo ɗauke da soyayyen kifi da dankali da suka riga suka huce, na same shi inda muka bar shi, hannu a ƙugu, yana kallon mutane suna sulalowa daga mafi tsawon indararon.

"Ina Immy?"

"Ga ta nan tana…" Ya nuna wata yarinya mai rigar wanka ruwan hoda. Ba ita ba ce. Rabin 'yan matan wurin rigar wanka ruwan hoda gare su.

Ban san tsawon lokacin da muka yi muna nemanta ba. An ce ba a daɗe ba. Ni dai na san na zubar da abincin, na kuma san ba fuskokin yara nake dubawa ba, ƙasan ruwa nake dubawa, kwami bayan kwami. Bron ta iso da Hamish a kafaɗa, ta ga fuskokinmu, ba ta tambayi komai ba ta fara kiran sunan. Masu lura da wanka suka shiga magana ta rediyon hannu. Warwick yana gudu a kan simintin nan ba takalmi, yana ɗaga duk yarinyar da ya gani yana ajiyewa, muryarsa ta dushe.

Ni na gan ta. Tana bayan ginin akwatunan ajiya, a wata 'yar inuwa, inda aka yi famfon wanke ƙafa. Ta samo kofin takarda, tana tara ruwa tana shayar da wata fulawa a tukunya, wani jinjimi, tsuntsun nan mai dogon baki da ke bin bola, yana tsaye yana kallonta. Na zauna a ƙasa kusa da ita.

"Can akwai hayaniya," ta ce mini. "Na gaya wa Baba zan tafi, ya ce to."

Na zaci Bron za ta tara masa jama'a. Da ta yi ma da ya fi sauƙi. Ta rungume yarinyar ta daɗe, sannan ta miƙe ta dube shi.

"Je ka hau," ta ce. "Wanda ka kawo mu dominsa. Je ka hau ka gama, muna nan a inuwa."

"Bron, ni ba…"

"Je ka, Warwick."

Ya tafi, don ba shi da fuskar tsayawa. Muka zauna a gindin wata bishiyar roba muna ba yara biskit, muna hango jar hularsa tana hawa matakalar hasumiya kaɗan kaɗan. Hamish ya yi barci a cinyata, ya jiƙa ni da gumi. Hadari ya taso daga wajen duwatsu, irin na la'asar ɗin Janairu, baƙi har da kore. Jar hula ta kai hawa na ƙarshe. Saura mutum ɗaya a gabansa aka yi tsawa, lasifika ta sanar an rufe duk indararo saboda walƙiya, kowa ya sauko ta inda ya hau.

Muka kalle shi yana saukowa da ƙafa. Bron ta sa fuska a tawul, kafaɗunta na rawa. Har yau ban sani ba ko dariya take ko kuka.

A mota ruwa na ta dukan gilashi. Mun kusa otal Warwick ya yi gyaran murya.

"An ce gobe ba cunkoso sosai."

"Gobe?" na ce.

Sai a nan ya faɗa. Ashe tikitin da ya saya ba na yini ɗaya ba ne, na duk hutun ne, wai ya fi araha.

"Ka je," in ji Bron, idonta a kan titi. "Kai kaɗai. Yarana ba za su sake taka wurin nan ba sai sun iya karanta allon gargaɗi da kansu."

Na tabbata ba zai je ba. Mutum mai hankali ba zai je ba. Da safe ya ɗauki tawul ya tafi.

Mu kuwa muka fito tsakar gida. Da fari Hamish ya ƙi ko kallon ruwan. Bron ta ba shi butar shayi ta roba da ta samu a ɗaki da kofi, ta zaunar da shi can nesa. Ya yi ta zuwa baki yana ɗiba yana komawa, kowane zuwa yana ƙara daɗewa. Kafin azahar yana zaune a ciki har cibiya yana dafa mana shayi. Da barci ya ɗauke shi Bron ta kwantar da shi, ta ja kujera bakin ƙofa, ta buɗe littafi, ita ma barcin ya sace ta a shafin farko.

Ni da Immy muka rage a ruwa. Tana tsayawa a matakala ta yi tsalle ta faɗo hannuna, ta koma ta sake. Ban ce mata komai ba, sai dai duk komawar da ta yi nakan ɗan ja baya. Can sai ta yi tsalle ba ta iske ni ba. Ta nutsa fuska, ta shiga wutsil-wutsil da ƙafa, ta taho har ta cafki rigata. Ta ɗago tana tari, idanu waje.

"Anti Rae, kin matsa."

"Na matsa. Ke kuma kin yi iyo."

Ta yi ta yi har yatsunta suka yamushe. Ba wanda ya ɗauki hoto, wayata tana ɗaki, uwarta kuma sai a ƙarshe ta farka ta gani.

Warwick ya dawo da yamma, bayansa ja zur kamar an feɗe masa fata, silifas ɗaya a ƙafa. Ya zauna kusa da ni a hankali.

"Ka hau?"

"Na hau."

"Yaya yake?"

Ya kalli ruwan. "Duhu," ya ce. "Da ruwa a hanci. Kafin in gane me ake ciki har na iso ƙasa, wani ɗan yaro yana ce mini kaka ka matsa. A layi kuma duk yara ne. Wata mata ta yi ta kallona tana janye ɗanta." Ya sosa gemu. "Na yi ta komawa ina hawa, wai ko zan ji abin."

"Ka ji?"

"Na ji ciwon baya."

Ina da maganganu da yawa da na tanada masa tun jiya, amma ban samu na faɗa ba, don Immy ta rugo tana gaya masa ta yi iyo. Ya dube ni, na gyaɗa kai. Fuskarsa ta yi wani iri.

"Yi in gani," ya ce.

"Na gaji."

"Sau ɗaya kawai, 'yar Baba."

"Na riga na yi wa Anti Rae."

Sauran kwanakin hutun nan a cikin kududdufin da ya raina ya yi su. Tun safe zai shiga ya tsaya, ruwa a ƙugu, riga a jiki saboda ƙunar rana, hannuwa a buɗe kamar mutum-mutumin gona. Da zai yi shiru da tuni ta yi. Amma ina. "Buga ƙafa. Ba haka ba. Rufe baki. Kalle ni, kalli yadda nake yi." Sai ya yi mata iyon karensa, ya fantsama wa wasu tsofaffi biyu da ke karanta jarida ruwa. Immy ta koma dafa shayi da Hamish.

"Waz, rufe bakinka ka ƙyale yarinya," na ce masa.

"Koya mata nake."

"Ta iya. Kai ne ba ka iya ba."

Sai safiyar da za mu tafi, kaya na cikin mota, ya sake tare ta a matakala da bayanin yadda ake shan iska. Ta gaji, ta juya masa baya, ta faɗa ruwa ta nufi ɗaya gefen inda uwarta ke zaune. Gudunsa take yi, amma dai iyo ne, kuma ya gani. Ya tsaya bai motsa ba har ta kai. Ya juyo zai yi magana, na ɗaga masa yatsa, ya haɗiye.

Na ɗauka ya ɗau darasi. Ba mu ko kai Toowoomba ba a hanyar komawa ya fara.

"Kun san matsalar wurin can? Tsari. Layi ya yi yawa, bokitin kuma ya yi girma. Da ni aka ba…"

"Warwick," in ji Bron.

Ya bar maganar, amma na ga yana ƙwanƙwasa sitiyari da yatsa, na kuma san wannan ƙwanƙwasar.

Kafin sanyi ya shigo ya samo wata doguwar baƙar leda mai kauri wajen wani manomi, irin wadda ake shimfiɗa wa dam. Ya tara ƙasa a bayan gidansu ya yi tudu, ya shimfiɗa ledar daga sama har ƙasa, ya haɗa wani tsohon famfo da ke mayar da ruwan sama in ya gangaro. Ruwan burtsatse ne, yana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Gwajin farko ya tafi da lambun tumatir ɗin Bron gaba ɗaya, na biyu ya kai Warwick cikin shingen maƙwabci. Da zafi ya dawo, yaran unguwa kaf suna gidan, uwayensu na turo su da tawul da kankana.

Abu ɗaya zan faɗa a kansa. Tun ranar da Immy ta ɓace, in yaro yana kusa da ruwa Warwick ba ya kallon komai. Ko waya ta yi ta ƙara ba ya ɗauka, ko magana kake masa idonsa na kan yaran yana ƙirga kawuna. Da rana ta faɗi sai ya zuƙe ruwan tas ya kulle famfon. Ya kafa dokar sai da manya biyu ake kunna shi, wanda a ganina dabara ce ta jawo ni Charleville duk hutu.

Amma ya yarda Bron ce da gaskiya? Ko sau ɗaya. Duk Janairu tana kama ɗaki a otal ɗin nan, duk Janairu sai ya yi mitar tafiyar yini guda saboda kududdufi, kuma shi ne farkon shiga mota. Da yaran suka yi tsawo an koma filin wasan ruwan. Immy ta hau komai ta ce ba laifi. Hamish har yanzu zagaye bokitin yake yi ta nesa, Warwick kuwa ya ce wannan ba shi da alaƙa da komai, yaron dai haka yake.

Makon jiya ya kira ni ina tsakiyar aiki, mutane a layi suna jiran magani.

"Rae, na ƙara wa tudun tsawo. Na kuma lanƙwasa shi, ya yi kwana."

"Bron ta sani?"

"Za ta gani. Yaushe za ki taho? Ina neman babba na biyu ranar Asabar."

"Ba na zuwa, Waz. Na gaya maka bana hutawa zan yi a gidana."

"To. In za ki taho ki biya ki sayo sabulun wanke-wanke, babbar jarka. Ledar ta daina santsi."

Ya kashe wayar. Jarkar tana bayan motata tun jiya, har ta ɗan zube a kan kujera.